Sauya wa fayil suna ko wuri a Git: yadda ake yi ba tare da an yanke tarihinsa ba

Ɗaliban kwamfuta, masu rubuta manhaja, har da malamai da masu fassara da ke aiki tare daga garuruwa daban-daban, da yawansu yanzu a Git suke ajiye aikinsu. Git tsari ne da ke riƙe tarihin duk wani sauyi da aka yi wa fayil: wa ya yi shi, yaushe, me ya cire, me ya ƙara. Idan gardama ta tashi kan wanda ya gyara wani layi, ko aka so komawa ga rubutun watan jiya, tarihin nan ake buɗewa.

Sai dai akwai wani ƙaramin aiki da yake yawan rikita sababbin shiga. Mutum ya sauya wa fayil suna, ko ya ɗauke shi zuwa wata dosiye, sannan ya nemi tarihinsa, sai ya ga layi ɗaya tak, kamar yau aka ƙirƙiri fayil ɗin. Aikin shekara biyu da hannun mutum biyar a cikinsa ya koma kamar na mutum ɗaya.

Tarihin yana nan, babu abin da ya goge. Abin da ya faru shi ne Git ba ya rubutawa a ko'ina cewa an sauya wa fayil suna. Duk lokacin da aka tambaye shi, sai ya duba ya yi kirdado. Wanda ya gane yadda wannan kirdado yake tafiya zai iya tsara aikinsa yadda Git ba zai ɓatar da sawu ba.

Kalmomi huɗu kafin mu shiga

Wurin da Git ke tara dukkan tarihin aiki za mu kira shi rumbu, abin da masu Faransanci suka sani da dépôt. Duk lokacin da ka gama wani gyara ka rubuta shi cikin tarihi da umarnin `git commit`, ka yi ajiya ke nan. Kafin ajiya, akwai wurin da gyare-gyare ke jira bayan an ba da umarnin `git add`, shi za mu kira zaure, tunda a nan ake tsayawa kafin a shiga cikin gida. Reshe kuwa hanya ce da mutum ke warewa ya yi aikinsa gefe guda, daga baya a haɗe da na sauran.

Tsohuwar matsala ce

Tsarin CVS, wanda ya mamaye ayyukan manhaja a shekarun 1990, ba shi da umarnin sauya suna ko kaɗan. Kowane fayil yana da nasa kundin tarihi daban a kan babbar kwamfuta, kuma sunan fayil shi ne sunan kundin. Mai son sauya suna zaɓi biyu gare shi, duka marasa daɗi. Ko ya goge tsohon ya shigar da sabo, tarihi ya yanke. Ko ya je ya sauya sunan kundin da hannu, a nan kuma tsofaffin sigogin aikin su lalace, domin suna neman fayil da sunan da babu shi.

Subversion, wanda sigarsa ta 1.0 ta fito a 2004, ya zo da umarnin `svn move`. Yana kwafe fayil ɗin tare da tarihinsa zuwa sabon suna, ya goge tsohon, ya kuma rubuta inda kwafin ya fito. Mercurial, da aka fara a 2005, shi ma yana rubuta asalin fayil idan aka yi amfani da `hg rename`. Bazaar kuwa lamba ta dindindin yake ba kowane fayil, wadda ke bin sa duk inda ya koma.

Linus Torvalds ya rubuta Git a watan Afrilun 2005, bayan da masu aikin Linux suka rasa damar amfani da BitKeeper kyauta, kuma da gangan ya ƙi bin wannan hanya. Hujjarsa ita ce abin da ke cikin fayiloli shi ya cancanci a bibiya, domin a babban aiki rubutu yana yawo: a yanki rabin wannan fayil a kai wancan, a raba ɗaya gida uku, a haɗe biyu su zama ɗaya. Rubuta cewa fayil kaza ya zama kaza ba ya kama irin wannan yawo. Gara a ajiye hoton aikin yadda yake, a bar gano abin da ya koma ina zuwa ranar da aka tambaya.

Abin da Git yake ajiyewa

A cikin rumbu, abin da fayil ya ƙunsa daban ake ajiye shi, sunansa daban. Git yana ɗaukar abin da ke ciki ya lissafa masa tambari, wato jerin lambobi da haruffa 40 ta hanyar lissafin SHA-1. Fayil biyu masu abu iri ɗaya sak a ciki tambarinsu ɗaya ne, komai bambancin sunayensu. Sunaye kuma suna cikin wani jeri na daban, wanda ke cewa a wannan dosiye suna kaza yana nuni ga tambari kaza. Kowace ajiya hoto ce ta wannan jeri gaba ɗaya.

To idan ka sauya `darasi1.txt` zuwa `gaisuwa.txt`, hoton jiya yana da suna na farko, hoton yau yana da na biyu, tambarin kuwa bai motsa ba. Da Git ya jera hotunan biyu, sai ya ga suna ɗaya ya ɓace, wani ya bayyana, kuma cikinsu ɗaya. Daga nan yake yanke cewa sauya suna aka yi. Kamar makiyayi ne da ya san saniyarsa da kamanninta, ko an sauya mata turke zai nuna ta.

Wannan yana da wani amfani ga mai sayen data da tsada. Idan ka kwashe fayilolin sauti ko hotuna ɗari zuwa sabuwar dosiye ba tare da ka taɓa cikinsu ba, rumbu ba ya ninka nauyi, kuma lokacin tura aikin ta intanet sabon jerin sunaye kawai zai tafi.

Yadda ake yi

Umarnin kai tsaye shi ne:

`git mv darasi1.txt gaisuwa.txt`

Idan ka bi shi da `git status`, za ka ga layi mai cewa `renamed: darasi1.txt -> gaisuwa.txt`, ko `renommé` idan kwamfutarka da Faransanci take magana. Sai ka yi ajiya da `git commit`.

Umarnin `git mv` ba ya barin wata alama ta musamman a tarihi. Ayyuka uku ne ya dunƙule: ya sauya sunan a kan kwamfuta, ya cire tsohon suna daga zaure, ya shigar da sabo. Saboda haka wanda ya sauya sunan da linzamin kwamfuta, ko daga cikin manhajar da yake rubutu, bai yi ɓarna ba. Da farko `git status` zai nuna masa an goge fayil ɗaya, ga kuma wani baƙo da ba a sani ba. Da ya ba da umarnin `git add -A`, sai biyun su haɗe su zama layi ɗaya na sauya suna. Abin da zai shiga tarihi iri ɗaya ne ta kowace hanya aka bi. Haɗarin kawai shi ne a shigar da gogewar a manta da sabon fayil, ko akasin haka, shi ya sa duba `git status` kafin ajiya ya zama wajibi.

Sauya wuri ma haka yake, domin a wajen Git dosiye wani yanki ne na suna. A fara ƙirƙirar dosiyen da `mkdir hausa`, sannan:

`git mv gaisuwa.txt hausa/`

Ana iya sauya wa dosiye sukutum suna da umarni ɗaya. Wanda yake shakka ya ƙara `-n` bayan `git mv`, zai ga abin da zai faru ba tare da an taɓa komai ba. Idan akwai wani fayil mai wannan suna a wurin da za a kai, Git zai ƙi, sai an tilasta masa da `-f`, kuma tilastawar tana shafe wanda aka taras. A kuma sani cewa Git ba ya riƙe dosiye marar komai. Idan ka kwashe duk abin da ke cikinta, ba za ta bayyana a kwamfutar abokan aikinka ba.

Ma'aunin kashi 50

Idan an sauya suna kuma an taɓa cikin fayil a lokaci guda, tambari ya sauya, sai Git ya koma auna kama. Yana yanyanka tsohon fayil da sabon zuwa ƙananan gutsattsari, galibi layi-layi, ya ƙirga nawa ne suka zo ɗaya, ya auna da girman wanda ya fi girma a cikinsu. Idan kamar ta kai kashi 50 cikin 100, ya ce fayil ɗaya ne aka sauya wa suna. Idan ba ta kai ba, ya ce an goge ɗaya an ƙirƙiri wani. Shi ya sa bayan ajiya ake ganin lamba a gefen sunan, 100% ko 87% da makamantansu.

Ga misalin da ya shafe mu. A ce malamai ne ke shirya darussan Hausa da Faransanci, wasu a Damagaram, wasu a Garwa, wasu a Njamena. An buga wani darasi tun da daɗewa ba tare da haruffa masu lanƙwasa ba, k a wurin ƙ, d a wurin ɗ, b a wurin ɓ. Wata malama ta zauna ta gyara su duka, ta kuma mayar da 'y irin ta rubutun Najeriya zuwa ƴ irin ta Nijar, sannan ta sauya wa fayil ɗin suna, ta yi ajiya ɗaya. A idon mai karatu darasin bai sauya ba. A ma'aunin Git kuwa, duk layin da aka taɓa ko da harafi ɗaya ne ya zama wani layi daban, kuma da wuya a sami dogon layin Hausa da babu ɗaya daga cikin waɗannan haruffa. Kamar tana iya faɗuwa ƙasa da rabi, sawu ya ɓace.

Haka yake faruwa ga mai rubuta manhaja da ya sauya tazarar farkon kowane layi, da kuma fayilolin Word da makamantansu, waɗanda a matse ake ajiye su, ta yadda gyara kaɗan yana iya hargitsa yawancin abin da Git yake gani. Ƙananan fayiloli masu layi uku ko huɗu su ma suna da saurin faɗuwa, kuma idan da yawa sun yi kama da juna, Git yana iya haɗa wannan da sunan wancan.

Maganin ba shi da wuya: a raba aikin gida biyu. Ajiya ta farko sauya suna kawai, ba a taɓa ko harafi ba, kama ta zama 100%. Ajiya ta biyu a yi gyaran ciki. Minti ɗaya ya ishi wannan rabuwa.

Akwai togaciya ɗaya. Git ba ya gyara wuraren da ke ambaton tsohon suna, kamar mahaɗin da ke cikin wani shafi ko layin manhaja da ke kiran fayil ɗin. A nemo su da `git grep darasi1`. Irin wannan ɗan gyara, wanda in babu shi aikin zai tsaya, ya dace ya shiga ajiya ɗaya da sauya sunan, tunda layi biyu ko uku ba sa rage kama sosai a fayil mai ɗan girma. Babban gyara ne ake jinkirtawa.

Neman tarihin da ya yi kamar ya ɓace

Umarnin `git log gaisuwa.txt` yana nuna ajiyoyin da suka taɓa wannan suna kaɗai, saboda haka yake tsayawa a ranar da aka raɗa sunan. Don a tsallaka zuwa baya sai a ce:

`git log --follow -- hausa/gaisuwa.txt`

Wannan yana bin fayil ɗaya ne a lokaci guda, ba ya bin dosiye. Umarnin `git blame`, mai nuna wanda ya rubuta kowane layi, da kansa yake tsallaka sauyin suna, kuma idan aka ƙara masa `-C` yana gano layukan da aka ɗebo daga wani fayil, wato ainihin yawon rubutun da Torvalds yake magana a kai.

Idan an riga an cakuɗa sauya suna da babban gyara, ana iya sassauta ma'aunin a ƙara `-M30%`, Git ya yarda da kama ta kashi 30. Idan hakan ma bai yi ba, tsohon sunan yana nan a tarihi, `git log -- darasi1.txt` zai fito da shi. Tun daga sigar 2.9 ta 2016 Git yake gano sauyin suna da kansa a `git diff` da `git log`. Mai tsohuwar siga sai ya ƙara `-M` da hannunsa.

Inda abin yake da tsada: haɗe rassa

Koma ga malaman nan. Malamin Garwa yana reshensa yana gyara kurakurai a `darasi1.txt`, bai san an mayar da shi `hausa/gaisuwa.txt` ba. Ranar haɗewa, idan Git ya gane fayil ɗaya ne, sai ya ɗauki gyaran ya zuba a sabon wuri, babu wanda zai wahala. Idan bai gane ba, zai tsaya ya ce ɓangare ɗaya ya goge fayil, ɗayan ya gyara shi, ku zaɓa. A nan ne mai gaggawa yake amincewa da gogewar, aikin mako guda na abokinsa ya zube ba tare da kowa ya lura ba.

Akwai abin da mutane da yawa ba su sani ba a nan. Lokacin haɗewa, Git ba ya bin ajiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Wurare uku yake dubawa: inda rassan suka rabu, da ƙarshen kowane reshe. Ke nan ko ka raba sauya suna da gyaran ciki zuwa ajiya biyu, muddin duka biyun suna cikin reshen kafin a haɗe, tsohon fayil za a auna da na ƙarshe, kamar kuma tana iya gazawa. Raba ajiya yana taimakon mai bin tarihi. Abin da ke taimakon mai haɗewa shi ne lokaci: a sanar da kowa, a yi sauyin sunan, a tura shi nan take, kowa ya jawo shi cikin reshensa, sannan a fara babban gyara. Idan an riga an makara, `git merge -X find-renames=30%` yana sassauta ma'aunin.

Git ya ƙara ƙwarewa a wannan fanni da tafiyar shekaru. Daga sigar 2.18 ta 2018 yana gane cewa dosiye ce gaba ɗaya ta koma wani suna, har idan wani ya ƙara sabon fayil a tsohuwar dosiyen, ya nuna inda ya kamata ya koma. A sigar 2.34 ta 2021 aka mayar da sabon injin haɗewa da Elijah Newren ya rubuta ya zama na yau da kullum, kuma ya fi na da sauri nesa ba kusa ba a rumbun da aka kwashe dubban fayiloli. Tunda kirdado ake yi a lokacin tambaya, duk wani ci gaba irin wannan yana amfanar har tarihin da aka ajiye tun 2005. Aikin Linux kansa ya sha irin wannan ƙaura: a 2007 aka haɗe dosiyoyin `arch/i386` da `arch/x86_64` suka zama `arch/x86`, kuma har yau ana bin tarihin fayilolin zuwa bayan haɗewar.

Babban baƙi, ƙaramin baƙi, da haruffanmu

A Linux, `Labari.txt` da `labari.txt` fayil biyu ne. A Windows da macOS, yadda aka saba saita su, fayil ɗaya ne. Wanda ya sauya babban harafi zuwa ƙarami da linzami a Windows, Git yana iya ƙin ganin an yi wani abu. A nan `git mv Labari.txt labari.txt` ya fi dacewa, in kuma ya ƙi, a bi ta wani suna na wucin gadi sannan a dawo kan wanda ake so. Kada a bar sunaye biyu da girman harafi kaɗai ya bambanta su a rumbu ɗaya, domin a kwamfutar mai Windows ɗaya zai hau kan ɗaya.

Sunan da ke da ƙ, ɗ, ɓ, ƴ ko é ta Faransanci Git yana karɓarsa lafiya, amma wajen nunawa yakan mayar da harafin lambobi. Fayil mai suna `ƙasa.txt` sai ya fito a matsayin `"\306\231asa.txt"`, é kuma ta zama `\303\251`. Sunan bai lalace ba. Umarnin `git config --global core.quotepath false` yana sa a ga haruffan yadda suke.

Harafin é yana da wata matsala tasa: kwamfuta tana iya rubuta shi a matsayin harafi guda, ko e da alama a kanta daban, kuma kwamfutocin Apple sun daɗe suna bin hanya ta biyu. A ido iri ɗaya ne, a wajen Git suna biyu ne. Saitin `core.precomposeunicode` aka tanada domin wannan a macOS. Haruffan Hausa masu lanƙwasa ba su da wannan matsala, kowannensu guda ne. Sunan da ya fara da 'y kuwa, alamar da ke gabansa tana rikita wurin buga umarni, sai an sa sunan duka tsakanin alamomin zance biyu, kamar `git mv "'yanci.txt" ƴanci.txt`.

Ƙungiyar da mambobinta ke warwatse a ƙasashe, kowa da irin kwamfutarsa da irin allon rubutunsa, ta fi samun sauƙi idan ta zauna tun farko ta yanke yadda za a riƙa raɗa sunaye: ƙananan haruffa, babu tazara a tsakani, da matsaya ɗaya kan haruffa masu lanƙwasa a sunan fayil. A rubuta wannan a fayil guda a saman rumbu inda kowane sabon shiga zai gani. Ranar da kuma ƙaura ta zama dole, a duba `git status` a tabbatar kowane layi yana cewa an sauya suna, a rubuta tsohon suna da sabo a saƙon ajiyar, tunda Git ba zai rubuta su da kansa ba, sannan a tura kafin a taɓa cikin ko fayil ɗaya.